Yadda Gawa Take Tafiya

Yaya,

"Anti, ɗaga ƙafarki, kin taka hanji."

Da wannan maganar 'yarki ta katse ni ina shirin rubuta miki sallama, don haka ki yi haƙuri gaisuwa ta zo a sahu na biyu. Na ɗaga ƙafar. Hanjin dai tsohuwar safa ce aka cusa wa soso aka tsoma a jan ruwa. To yanzu assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da maigidan. Yaya jikin Baba? Yana shan maganin hawan jinin kuwa, ko har yanzu yana tura shi ƙarƙashin matashi ya ce ya sha? Ki gaishe shi ki ce Autarsa tana yi masa sannu. Mu ma lafiya lau muke, in ban da mura da ta ɗan taɓa ni ta wuce.

Kin ce in riƙa rubuto miki labarin yarinyar nan a takarda, tunda a waya wai na fi ki baki, ba na bari ki kai aya. To ga rahoto. Karatun lauya yana tafiya, ta ci jarrabawar da ta wuce, tana cin abinci, ba ta yawo. Sai dai ta shiga gasar yin fim.

Ga yadda abin yake. Ranar Juma'a da yamma za a tara ƙungiyoyin matasa a wani zaure, kowace ƙungiya ta zari takarda a cikin kwali. A takardar an rubuta sunan wani abu da dole ya fito a fim ɗinsu, ko tsani ne, ko madubi, ko kaza. Daga nan kwana biyu gare su: su ƙirƙiri labari, su ɗauka, su haɗa, su miƙa kafin a rufe ƙofa ranar Lahadi. Wanda ya makara da ƙiftawar ido ya yi aikin banza. Bana kuma an ce kowa fim ɗin zombi zai yi. Kafin ki tambaya, zombi mutum ne da ya mutu amma labari bai iske shi ba, yana ta yawo yana neman wanda zai ciza. Na ce mata muna da irinsu a wurin aikinmu, har ƙarin girma ake yi musu.

Doka ta hana a rubuta labari ko a ɗauki hoto kafin ranar, amma ba ta hana tanadin kaya ba, shi ya sa falona ya koma mahauta. Su uku ne ƙusoshin. Akwai Dogo mai kyamara, wanda in ya buɗe firij ɗina sai na ji tausayin firij ɗin. Akwai wata siririyar yarinya da suke kira Kwalliya, ita ke zana rauni a fuska da gam da takardar goge hannu, kuma wallahi sai kin so kai mutum asibiti. Sai 'yarki, wadda yanzu ko ni Darakta nake ce mata.

Da farko na ce ba ruwana. Amma na yi shekaru ina duba jinin mutane a ɗakin gwaji, ban taɓa ganin mai kalar jan-baki ba, kuma irinsa suka haɗa cikin bokitina. Na kasa haƙuri. Na narka musu sukari, na zuba kalar abinci, na ɗiga kofi ya yi duhu. Kwalliya ta kalle ni kamar ta ga waliyyiya. Kin ga ke nan karatuna ya yi rana. Tururuwa ma sun yaba, gidan ya cika da su.

Ni na ba su aron gida da mota. Izinin uwa kuma naki ne, kuma ta ce in ba shi ba za ta zari takardar nan ba. Ki ba Direba, mai kawo miki wannan takardar, amsa ya taho da ita.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Mun samu takardarki, mun gode. Muna lafiya. Maigidan yana gaishe ki. Jikin Baba da sauƙi, alhamdu lillahi, maganin kuma yanzu a gabana yake haɗiye shi, sai ya buɗe baki na duba. Mai gashin ƙashi yana zuwa yana motsa masa hannun da ƙafar. Ya fara kaiwa bakin ƙofar gida da kansa. Yana tafe yana ba kansa umarni, hagu, dama, kamar lokacin da yake koya wa kurata fareti, sai dai yanzu damar ba ta jin magana.

Na karanta masa wasiƙarki kamar kullum. Da na zo wurin mutanen ofishinku sai da ya ƙware da shayi. Ni kam ban ga abin dariya a wasa da gawa ba. Na tura miki yarinya ta zama lauya, kin mayar min da ita mai sayar da hanji. Ke da ya kamata ki tsawatar, ke ce ma mai dama musu jini. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma ban san ta wajen ƙanwar uwa ake gadon ba.

Baba ya sa baki, ya ce a bar ja'irar ta yi, shi ma yana so ya ga abin da za ta iya ban da cinye masa biskit. Don haka na yarda, bisa sharaɗi. Namiji ba zai kwana miki a gida ba. A yi salla a kan lokaci, kuma a wanke wannan ƙazantar kafin a yi. In an gama a koma karatu. Sannan ki turo min abin da suka yi in gani da idona.

Na ba Direba buhun ƙyallayen da suka rage min a ɗinki, da wasu tsofaffin riguna. In tsumma gawarwakin suke so su sa, kada a yaga na kirki.

Yayarki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina yi wa Baba sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Mu muna raye, wanda a wannan makon ba ƙaramin abu ba ne a gidan nan. An kiyaye sharuɗɗanki duka. Tsummokaranki kuwa sun fi 'yan wasan iya wasa.

Laima suka zara. Dogo ya ce sun shiga uku, me gawa za ta yi da laima? Darakta ta ciji biro, can ta ce su gawarwakinsu ba cizo ne ya dame su ba, rana ce. Sun tashi sun tarar da zafi, inuwa kawai suke nema. Duk wanda suka gani da laima sai su bi shi. Labarin ke nan: wata mai gyaran laima a bakin titi, gawarwakin unguwa suna bin ta, tana gudu tana ihu, ba ta san laimar hannunta suke so ba. Na so in ce shirme ne, sai na ga ina son in san ƙarshensa.

Asabar da safe 'yan wasa suka cika min tsakar gida: 'yan ajinsu, ƙannen 'yan ajinsu, da maƙwabcina mai shagon gyaran waya, wanda ya leƙo ƙorafin hayaniya Kwalliya ta zaunar da shi ta tsaga masa goshi. Nan matsala ta taso. Ba wanda ya iya tafiyar gawa. Kowa ya miƙe hannu biyu gaba yana lalube, kamar an ɗauke wuta ana neman ashana. Wani yana tangaɗi, wani yana rawa, wata tana gyara ɗankwali. Aka ɗauka aka sake, aka ɗauka aka sake, rana ta take, jini ya fara narkewa yana kiran ƙuda. Dogo ya duba agogo ya ce rabin lokacinsu ya tafi ba su da ko hoto ɗaya na kirki.

Sai 'yarki ta ajiye takardunta ta ce kowa ya kalle ta. Yaya, ban san yarinyar nan tana da wannan baiwar ba. Ta sauke kafaɗar dama. Ta naɗe hannun dama a ƙirji, yatsu a dunƙule. Ta taka da hagu, sannan ta jawo ta dama tana zagayo da ita gefe, babban yatsa yana share ƙasa. In ta yi 'yan taku sai ta tsaya ta huta, ta dubi hagu da dama. Abin da ya kashe mu shi ne kan: haɓa a sama, ƙirji a buɗe, kamar ba ita ce mai jan ƙafar ba. Gawa ce mai ji da kanta. Sai aka fashe da dariya. Ni har da hawaye, sai da na zauna a kan bokitin jini. Cikin ɗan lokaci kowa ya ɗauka, kuma da suka jeru a titin bayan gida suna tahowa a haka, ga dariya ga tsikar jiki tana tashi. Na tambaye ta inda ta samo wannan tafiya, ta ce a'a, kawai.

Lahadi kuma kwamfutar Dogo ta ga dama ta sandare ana tsakiyar haɗa sauti. Kwalliya ta yi kuka, Dogo ya yi wa kwamfutar magiya kamar mai biko, maƙwabcina ya zo da raunin jiya a goshi ya tashe ta. Ni na tuƙa su zuwa zauren. Ba wanda ya samu sukunin wanke fuska, don sun sake ɗaukar wani wuri da safe. A mahaɗar titi mai ba da hannu ya leƙo motar, ya ga mace da gilashi tana tuƙi da gawa uku a baya, ya tsayar da kowa ya ce mu wuce, Allah ya ba su lafiya. Mun isa mai gadi yana jawo ƙofa. Darakta ta kutsa ta ƙarƙashin hannunsa.

Jiya aka kira su. Fim ɗinsu yana cikin waɗanda za a nuna a babban zaure ƙarshen wata, a gaban alƙalai da jama'a. 'Yarki ta yi tsalle har ta fasa min kofi. Na tura miki guntun wurin tafiyar nan a wayarki. Ki nuna wa Baba, na san zai yi dariya.

Auta

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Lafiya kuwa? Direba ya zo sau biyu hannu rabbana, ya ce kin ce ba saƙo. Na kira kin ce kina ɗinki, kin kashe. In jikin Baba ne ki faɗa min, kada ki ɓoye. In kuma fim ɗin ne ya burge ki har kika rasa abin cewa, ba komai, mu ma haka muka yi. Darakta kullum sai ta tambaye ni me Mama ta ce.

Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Baba lafiyarsa ƙalau, kowa lafiya.

Na karanta wasiƙarki, kuma tun kafin in buɗe wayar na san abin da zan gani. Kafaɗar dama. Hannu a ƙirji. Ƙafar da ake zagayowa da ita. Ke mai ido, wadda ba abin da ke wuce ki, kin zauna kin zana min ita dalla-dalla, har kina tambayar inda aka samo ta. Tafiyar ubanki ce, Auta. Ita kika yi wa dariya har da hawaye.

Ban ce da gangan kika yi ba. Na san ba ki gane ba, kuma wannan ya fi yi min ciwo. Ina za ki gane? In kin zo, kin tarar an yi masa wanka, an sa masa farar riga, an zaunar da shi a kujera. Ki durƙusa ki gaishe shi, ku yi ta barkwanci, ki ajiye leda, washegari ki kama hanya. Tun da ɓarin jikin nan ya shanye ba ki taɓa ganin yadda yake zuwa kujerar ba. Shi ma ba ya so ki gani, in ya ji motarki sai ya ce a yi maza a zaunar da shi.

Amma ita ta sani. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana gyara wa mutane tafiya, in ya shigo layi yara suna bin bayansa suna kwaikwayon takunsa don sha'awa, yau jikarsa ta ɗauki abin da ya rage masa ta raba wa gawarwaki, za a haska a bango jama'a su yi ta ƙyaƙyatawa.

Ban nuna masa ba, ba kuma zan nuna ba. Ki gaya mata ta janye fim ɗin nan. In ta ƙi, ta haɗa kayanta Direba ya taho min da ita, akwai makaranta a nan ma. Ba na son dogon turanci a kan wannan.

Yayarki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Na gode Allah da Baba yake lafiya. Ki gaishe shi. Mu ma lafiya, gidan dai ya yi shiru.

Ba dogon turanci. Na sake kallon guntun nan ni kaɗai, na ga abin da kika ce. Gaskiyarki ne, ban gane ba, kuma dalilin da kika faɗa shi ne dalilin. Ina iya gane ciwon mutum a ɗigon jininsa, ban gane mahaifina a gawa ashirin ba. 

Na ba ta wasiƙarki ta karanta da kanta. Ba ta yi musu ba. Na tambaye ta me ya sa. Ta daɗe tana murza bakin mayafinta, sannan ta ce:

"Anti, duk hutu ni ce nake bin bayansa da kujera in ya gaji. Lokaci yana ƙurewa, kowa yana kallona, na nemi tafiya a kaina ban samu wata ba sai ita. Ita kaɗai na haddace."

Na ce ai ta ga ana dariya. Ta ce ta gani, kuma ita da Tsoho, wato Baba, sun saba yin wannan dariyar su biyu a bayan gida in ba kya kusa, har yakan ce mata ta yi masa tafiyar ya ga inda zai gyara. Ban san ko gaskiya ba ne, ke ce a kusa. Ta ce ba ta yi don ta wulaƙanta shi ba, kuma ko za a yanka ta ba za ta ce ta yi ba.

Ga yadda doka take, don ki yanke hukunci kina sane. Fim ɗin da aka miƙa ba a taɓa shi, ko numfashi ba a cirewa, don kada wani ya ƙara aiki bayan lokaci. Ko a nuna shi yadda yake, ko a janye shi ɗungurungum. In an janye, ba ita kaɗai ba ce: Dogo da Kwalliya da duk wanda ya sha rana ranar nan sun tashi a tutar babu. Dogo ya zo jiya, ya zauna a falo bai ko kalli firij ba, abin ya ba ni tsoro. Dole a sanar da masu gasar kafin su buga jerin finafinan, wato cikin makon nan mai zuwa.

Ita dai ta rubuta takardar janyewar, ta kuma haɗa jakarta, ta ajiye su biyun a bakin gado. Ta ce duk wanda kika zaɓa shi za ta yi, in ma duka biyun ne. Lauyar taki ba ta ɗaukaka ƙara ba.

Ni ce zan ɗaukaka, da magana ɗaya. Tafiyar ta Baba ce. Ni da ke muna ta shari'a a kan kayan mutum yana zaune a ɗaki da hankalinsa. Ba zan zagaye ki in kira shi ba, ke ce da shi, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In kin ce a janye ba tare da ya ji ba, ni da kaina zan kai takardar.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Jikin Baba da sauƙi, har ya yi yawa, za ki ji.

Ban yi niyyar nuna masa ba, shawararki ma haushi ta ba ni. Shi ya kama ni. Na zauna karanta masa wasiƙarki ina tsallake wurare, na gama kafin ya kurɓi shayi sau biyu. Ya ce wasiƙar Auta da ba ta ƙarewa sai shayi ya huce, yau biro ne ya ƙare mata? Ya ce ta wancan karon ma bai ji yadda aka ƙare da laimar ba. Na ce ba komai. Ya ce shi ƙafa ce ta mutu masa, ba kai ba. Ya miƙo hannun hagu. Na ba shi wayar na koma bakin ƙofa na tsaya.

Ya kalla har ƙarshe. Ya ce in maimaita masa. Na maimaita. Can ya ɗago ya ce wa ya horar da waɗannan? Na ce jikarka.

"To ita ta iya, su ne ba su iya ba. Dubi wancan mai tsagaggen goshin, ɗaga ƙafar yake yi. Ba a ɗaga ta. Da tana ɗaguwa ai da ban ja ta ba."

Ya ce layin ma a karkace yake, na baya suna sauri, ba tazara tsakaninsu. Sai ya ce in janye tabarma. Auta, mutumin nan ya miƙe ya fita tsakar gida yana nuna min yadda ake yi, ya je ya dawo, yana ba gawarwakin cikin waya umarni da muryar nan tasa ta da, har maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ɗauka faɗa ake yi. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya zauna ya ce shekara da shekaru kurata suna bin takunsa, ya ɗauka an gama, ashe da sauran bataliya guda. Maganar bayan gida kuma gaskiya ce. Ya ce sun ɓoye min ne don fuskata ba ta ɗaukar wasa.

Ni ban yi dariya ba. Na shiga ɗakin ɗinki na yi ta taka keke ba ƙyalle a kai. A nan na gane ba don shi kaɗai nake fushi ba. Shi tafiyarsa ce, yana iya yi mata dariya. Ni kuwa duk takun da ya yi, ina lissafin inda zai faɗi ne da yadda zan tare shi. Ko barci nake kunnena ɗaya yana ɗakinsa. Ashe har su biyun sun samu wurin dariya a ciki, ni ce ban taɓa samun sukunin tsayawa daga nesa in kalla ba.

Don haka ga hukunci. Ta yaga takardar, ta kwance jakar. A nuna fim ɗin. Amma zan zo in gan shi da idona a bangon nan, in zauna a kujera kamar kowa, ba wanda zai kira ni. Ke kuma ki ɗauki hutun da kike ta tarawa ki zo ki riƙe ubanki mako biyu. Ba kwana ɗaya da leda ba. Ranar da zan taso ki taso, maigidan zai zauna da shi kafin ki iso.

Ki taho da takalmi marar tsini. A bayansa ake tsayawa, ta ɓangaren dama, kuma ba a riƙe shi sai ya nema, in kin riƙe shi zai yi fushi. Na gaya masa za ki zo kuma ba zan zaunar da shi a kujera ba. Ya ce to, a wanke masa farar rigar duk da haka.

Saƙonsa ga ja'irar: in za a sake wani, a kawo masa su ya yi musu mako guda.

Yayarki

*

Yaya,

Sannu da zuwa, sannu da hanya. Ina fatan kin iso lafiya kuma Direba bai cika ki da labarin siyasa ba. Na bar miki wannan a kan tebur tunda a hanya za mu yi saɓani. In kin ga wata ƙaramar mota ta wuce ku da mace a ciki tana salati, ni ce.

Ɗakina naki ne, na canza zanin gado. Famfon wanka sai an murɗa shi hagu sosai. Akwai abinci a firij, na gargaɗi Dogo. Kwalbar da ke ƙasa mai jan abu ba ta sha ba ce. Maƙwabcina zai zo gaishe ki, shi ne mai ɗaga ƙafa, kada ki isar masa da saƙon Baba sai an gama, yana da raunin zuciya.

Darakta ta tafi zauren tun safe wai za su gwada sauti, amma gaskiyar ita ce tsoron haɗuwa da ke take yi. Ta goge rigarta ta sake gogewa. Ta fi tsoronki a kan alƙalan, kuma ina ganin tana da hankali. Ta kama miki kujera a tsakiya. Za ki ga finafinai da yawa kafin nasu, wasu za su sa ki tausaya wa iyayen da suka haifi masu su. Ki daure. In nasu ya zo, ki yi abin da ya zo miki. Za a kashe fitilu, ba mai ganin fuskarki, ba kuma mai kawo min rahoto. Ko sun ci ko ba su ci ba, ki rubuto min, wannan karon ni ce zan karanta wa Baba, kuma ba zan tsallake komai ba.

Na sayi takalmin. Muni gare shi, amma yana kama ƙasa. Na kira Baba ɗazu in ce na kusa tasowa, ya ce kada in yi hon in na iso, in tsaya a bakin ƙofar gida in jira, shi zai zo ya buɗe min da kansa, kuma kada in kuskura in ce sannu kafin ya iso. Na ce to. Ya ce zai ɗau lokaci. Na ce ba inda za ni.

Rana tana yi, gara in kama hanya. Makullin da maƙwabcin zai ba ki, ki riƙe shi. Na ɗauki jakata, zan ja ƙofar.

Ƙanwarki,
Auta